Laifin Kafinta

Lahadi, 3 ga Maris
Bayan sujada ina rufe tagogi sabon fasto ya tare ni. Wai Kafinta, mijin marigayiya ƙanwata, jiki ya tsananta, 'yarsa na roƙo a kai masa Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon coci, har gida. "Baba, an ce yana ƙarƙashin horon coci. Na tambayi dattawa kaf, ba wanda ya san dalili. Sun ce kai ne rumbunmu." Yau kuma rumbu na zama. Da cewa suke surutuna ya yi yawa.
Na ce masa horo ba ya ruɓewa don ya daɗe. Wanda aka mayar bencin baya aka hana shi Jibi, sai ya miƙe gaban jama'a ya furta laifinsa da bakinsa. Haka muka taras.

Talata, 5 ga Maris
Ban taɓa shiga aji ba, a Littafi Mai Tsarki na koyi haɗa baƙi, amma kaina ba ya yoyo. Giya Kafinta ya sha ya daki ƙanwata har cikinta ya zube. Ni na haƙa ramin jaririn. Dattawan lokacin suka ce ya tuba a fili, ya ce shi ba yaro ba ne. Giyar kam ya bari, hannu ma bai ƙara ɗagawa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma bakin nan bai buɗe ba. Waɗanda suka yanke horon duk sun riga mu gidan gaskiya. Saura ni.

Laraba, 6 ga Maris
'Yarsa ta zo. Bayan abin aka haife ta, ba ta san komai ba. "Kawu, me Baba ya yi?" Na ce je ki tambaye shi. Ta ce, "Kawu, ko sunana fa ya ɓace masa."

Jumma'a, 8 ga Maris
Na je. Ban yi niyya ba, hanya ce ta bi da ni.
Ɗakin na warin magani. Yana kwance yana shafa gefen gado da tafin hannu kamar mai goge katako. Ni kuwa ya gane ni. "Suruki! Har yanzu kana nan da rowar nan taka?" Sai ya kama hannun rigata. "Sun ce an hana ni Jibi. Me na yi ne? In na yi wani abu ka faɗa mini in roƙi gafara."
Na duba idonsa ina neman wayo. Babu. Yarinyar na tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa.
Na ce gaisuwa kawai na zo.

Asabar, 9 ga Maris
In na faɗa, wa na hora, shi ko ita?

Lahadi, 10 ga Maris
Taron dattawa. Wani dattijo mai kanti ya ce a share kawai, ai tsohon zance ne. Raina ya ɓaci. Na ce zunubi ba ya tsufa, akwai kabari a cikin zancen nan, kada wanda ya ƙara kiransa ƙarami. Fasto ya ce to mene ne? Na ce na sani, kuma ba za ku ji a bakina ba.
Can na ce, Kafinta dai ya nemi ya roƙi gafara, da kunnena na ji. Fasto ya ce, "Baba, a ganinka wannan furci ne?" Na ce ni ba fasto ba ne.

Litinin, 11 ga Maris
Sun kai masa Jibin, na bi su. Har yanzu ina cewa ba haka ake yi ba, kuma na faɗa wa fasto a hanya.
Ƙoƙon na hannun yarinyar, zai zube, shi ya sa na tallafo masa kai ya haɗiye. Dole wani ya riƙe.
Kan nasa ba nauyi ko kaɗan.