Saura Ummi

Yaya Lami, ki je wurin Baba ki ce a aiko a ɗauke ni da Ummi. Ina gaisuwa, ya gida, ya ƙafar Inna? Hajiya Balaraba mai sarin kaya a nan Guangzhou, ƙasar China, ce ke rubuta min.

A makarantar su Baban Ummi ana koya musu haɗa batir da waya da ƙwan fitila. Yanzu ya kwaso kayan ya kawo gida. Ranar Asabar ya zo da abokan karatunsa, ya miƙo min wani ɗan gwangwani mai ƙafa biyu, wai in riƙe masa. Yaya, wuta ta ja ni har kafaɗa, na saki fitsari a tsaye. Suna ta dariya, shi yana rubutu a littafinsa. Ya ce saura Ummi, zai gwada jikin jariri. Tun ranar ban sauke ta daga bayana ba.

Ku sa mu a addu'a, ki gaida Inna. Na riga na gaya wa Malam Sani, shugaban ɗalibai 'yan ƙasarmu a nan. Ya ce ai wannan wutar ba ta kisa, sannan ya je ya gaya wa Baban Ummi na kai ƙararsa.