Sunan da Babu a Dutsen Iya Weng

Lahadi, 1 ga Oktoba
Ni, Shehin Malamai, limamin limaman garinmu Linxia, wanda sarakunan teku ke aiko wa gaisuwa, na sauka yau a birnin Quanzhou na bakin teku da tawagata. Tawagar kuwa: Baba direba, Mama mai tukunya, Yaya Sailimai mai gori, sai Kaka. Kwana uku muka yi cikin motar ɗaukar fulawar shagonmu na taliya. Mun kafa tanti biyu a bakin ruwa, bayan gidan wata tsohuwa mai sayar da kifi, Iya Weng. Ita ta ce mu riƙa ɗiban ruwa a rijiyarta.

Idon Kaka ya kusa tafiya, ni ne idonsa. Ya juya wajen teku ya ce, "Malam ƙarami, me ke can?" Na ce kifi ne mai girman masallacin unguwarmu, yana gaishe ku. Ya kai min sanda yana dariya. Ya san irin nawa.

Da baƙaƙen Larabci nake rubutun nan, Yaya ta yi ta leƙe har ta gaji.

Litinin, 2 ga Oktoba
Ƙaguwa cikin takalmin Yaya. Shehi bai san wanda ya saka ba.

Kaka ya sake ba da labarin da ya kawo mu: wai kakan kakanninmu Shamsuddin a nan ya sauko daga jirgin ruwa shekara ɗari bakwai da suka wuce, daga sunansa aka yanko na zuriyarmu, Shan. Baba ya ce tatsuniya ce, amma a hankali ya faɗa.

Talata, 3 ga Oktoba
Da hantsi na kai Kaka rijiya zai yi alwala. Ya dafa faffaɗan dutsen da Iya Weng ke gyaran kifi a kai, sai ya tsaya cak. Yatsunsa sun ji rubutu. Ya ce in wanke in duba. Larabci ne, dutsen kabari irin na dā da suka watsu a garin nan, gefe ɗaya ya karye.

Duk gidanmu ni kaɗai na yi shekara huɗu a makarantar masallaci. Kowa ya zagaye ni, har Yaya. Ban taɓa ganin sun yi min irin wannan shirun ba.

Abin da ke jiki layi biyu ne. Ayar da ta ce kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, sai kuma cewa wanda ya rasu a baƙunci ya yi shahada. Inda suna yake, nan ne ya karye.

Na gyara murya. Na ce, "Wannan kabarin Shamsuddin ne, mai jirage arba'in." Na so in ƙara da cewa ya bar wasiyya a sayo wa jikansa waya sabuwa, a nan kowa zai fashe da dariya, sanda ta biyo baya. Ban kai wurin ba. Kaka ya durƙusa a cikin ruwan kifin nan, ya ɗora goshi a gefen dutsen, kafaɗunsa na rawa. Baba ya kalle ni ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce e.

Me ya sa na ce e?

Laraba, 4 ga Oktoba
Kaka ya je wa Iya Weng da faɗa. Wai shekara nawa tana yanka kifi a kan fuskar kakansa, ba ta jin kunya? Ya ce dutsen namu ne, a mota za a sa shi. Ta ce a gidan ta tarar da shi ranar da aka kawo ta amarya, ba ta san rubutu ba ne, ta ɗauka ado ne. Ta ƙara da cewa baƙon da aka ba ruwa yau, gobe rijiyar zai nema. Ta rufe ƙofa. Yanzu Yaya ke tafiya har bakin titi da bokiti, tana zagin duk wanda ya haifi Shamsuddin.

Kaka ya ce ranar Juma'a a toya youxiang, wainar man da muke yi wa mamatanmu, ni kuma in karanta Yasin. Ya cire farar hularsa ta Makka ya sa min a kai. Ta yi min yawa.

Mama ta zuba min nama fiye da na Baba. Na ba kyanwa.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Na yi niyyar bari sai mun koma gida in faɗa wa Kaka gaskiya. Ko sai bayan ransa. Astagfirullah, har wannan na yi tunani.

Da la'asar Mama ta yi wanka da alwala kamar yadda ake yi kafin a taɓa ƙullin wainar, ta kwaɓa, ta rufe da farin ƙyalle. Kaka na zaune a bakin tanti yana gaya wa Baba cewa yanzu ko yau aka kira shi ya shirya, tunda ya san daga inda ya fito. Ya lalubo hannuna ya ce in sake karanta masa sunan, a hankali, yadda yake a rubuce.

Na ce, "Kaka, babu suna. Wurin ya karye. Ni na ƙirƙira."

Baba ya miƙe, Kaka ya riƙe masa riga. Ya tambaye ni jiragen fa. Na ce su ma. Na so ya kai min sandar nan, ko sau ɗaya, da gaske. Bai taɓa ta ba. Sai ya ce in faɗi abin da ke jiki, kar in ƙara ko wasali. Na faɗa.

Ya ce, "Baƙo ne ke nan. Ba shi da kowa." Ya juya wajen Mama ya ce kar a zubar da ƙullin.

Bai karɓi hular ba. Ni na ajiye masa a kan bargo.

Da magariba na ji ya ce, "Sailimai, me ke can?"

Juma'a, 6 ga Oktoba
An toya. Kaka ya ce shekara ɗari bakwai ba wanda ya ɗora wa mutumin nan mai a wuta, yau ya samu. Na karanta Yasin a gaban dutsen, na kakare sau uku, sau ukun Kaka ya ɗora ni daga ka, bai juyo ba.

Shi da kansa ya ɗauki waina bakwai ya ƙwanƙwasa ƙofar Iya Weng, Yaya na riƙe da hannunsa. Ya ce wa Iya Weng, "Iya, na yi miki rashin kunya a kan abin da ba nawa ba." Ta ce tsofaffi biyu ba sa faɗa a kan dutse, ƙasa na jiran su duka. Za ta gatsa, ya nuna mata da hannu ake gutsura. Kafin yamma ta sa Baba ya jingine dutsen a bango, ta kawo katako ta ci gaba da kifinta.

Ba wanda ya ce min komai. Ko Yaya. Gara gorin.

Asabar, 7 ga Oktoba
Mun naɗe tanti. Ƙaguwa ta shigo har cikin takalmina, na mayar da ita ruwa. Ba don komai ba, lokaci ne babu.

Kafin mu shiga mota Kaka ya tsaya yana fuskantar teku. Yaya na can tana ɗaure kaya. Ya ce, "Me ke can?" Bai kira sunan kowa ba.

Na duba sosai. Na ce kwalekwale ne guda ɗaya, fentinsa ya kaɗe, mutum biyu na jan taru, ban ga ko sun kama wani abu ba.

Ya ce, "Hm." Ya ɗora hannu a kafaɗata har mota. Wataƙila don yashi na da santsi ne.

Yasin na cikin aljihuna, tafiyar kwana uku ce, ba abin yi.

Wanda ya tsinci littafin nan, babu wani Shehi. Nuha ne ya rubuta, jikan Shan Yusufu, ɗan shekara sha biyar, mai wanke kwanukan taliya, wanda ko izu goma bai haɗa ba.