A Mayar wa Babana Sunansa a kan Taken Rijiya

Zuwa ga Yaya Sabi'u, furodusa, mai situdiyo a Wangsa Maju.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Ni ne Haladu, ƙanin matar Malam Bashir da ke karatun digiri na uku a Lembah Pantai, ni ne kake kira Mai Gurmi. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da rubutun. Na sa wasiƙar nan a zauren 'yan Arewa mazauna Kuala Lumpur ne saboda wata bakwai ke nan ina zuwa wurinka ana ce mini ka fita, alhali ga takalminka a bakin ƙofa.

Na farko, yadda aka fara. Yayata ta kawo ni ƙasar nan don in riƙa kai yara makaranta, na taho da gurmina. A wata walimar suna ka ji ina kaɗawa, ka ce yaranka masu kiɗan rok, su Azman mai jita, suna da waƙar da ta rasa mabuɗi. Kwana uku ina hawan jirgin ƙasa zuwa situdiyonka. Azman ya zauna gabana yana kallon yatsuna har ya ɗauke kiɗan. Duk wanda ya saurari waƙar yau zai ji gurmina shi kaɗai a farko, sannan jitar lantarki ta karɓa ta riƙe shi har ƙarshe.

Na biyu, maganar ambulan. Da muka gama, a mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan situdiyo, ka sa mini ambulan a aljihu, ka ce ga tukuici. Na yi yadda aka koya mini a gida: makaɗi ba ya ciniki, kuma ba ya ƙirga kyauta a gaban mai bayarwa. Na yi godiya na yi addu'a. Sai ka fito da takardar Turanci, ka ce shaidar na karɓa ce kawai, ka ɗora yatsa a kan layi. Na sa hannu. A jirgi na buɗe, ringgit ɗari uku ne, kuma wallahi na ji daɗi. Da a ce Azman ne ya yi mini haka, sai in ce bai san mu ba. Amma kai, Yaya, Bakano ne. Ka san ba zan buɗe ambulan ɗin nan ba, ka san ba zan ce wa babba karanta mini ba. Daga baya Malam Bashir ya duba kwafin, ya ce na sayar da kiɗan har abada, kuma an rubuta wai kiɗan gargajiya ne da ba a san mai shi ba.

Na uku, an san mai shi. Yana raye. Babana ne, Iliya, shi ya ƙirƙire shi don masu haƙar rijiya na ƙauyenmu. Idan mutum ya yi nisa a ƙasa har ya daina ganin fuskokin na sama, Baba yakan zauna a bakin ramin yana kaɗa wannan taken, don na ciki ya san ba a watse an bar shi ba. Ina ɗan shekara tara ya koya mini, yana bugun hannuna duk inda na yi sauri. Yanzu yatsunsa sun ƙage, ko tasbaha da ƙyar yake ja.

Na huɗu, na san su Azman ma suna da tasu rigimar da kai kan kason da ake biya duk lokacin da aka saurari waƙar. Wannan tsakaninku ne, suna da lauya. Azman dai ya nuna mini a wayarsa wurin da ake rubuta wanda ya ƙirƙiri kiɗa, na haɗa baƙaƙen a hankali, sunanka ne. Ya kasa kallona, ya ce in ana son shaida zai tsaya.

Duk wannan na jure. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wani ɗan'uwanmu a gida ya kunna wa Baba waƙar. Ya saurara sau biyu. Da na kira Baba, ya ce yaron nan mai jita yana da hannu, sai dai yana gaggawa a wurin da guga ke fitowa. Ya yi dariya. Sannan ya tambaye ni ko an faɗa wa mutanen can na wa ne. Na ce masa layi ba kyau, na kashe wayar. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar.

Roƙona uku ne. A cire sunanka daga wurin nan a sa nasa. A yaga waccan takardar, a rubuta sabuwa gaban shaidu biyu, a karanta mini da Hausa, kuma duk kason da ya faɗo wa kiɗan a tura masa, ba ni ba. In hakan ba zai yiwu ba, ɗari ukunka na nan. Na taɓa ɗari na saya wa yara takalma, amma na cike. Ka karɓa, ka cire gurmina daga waƙar.

Ba na nufinka da sharri, Yaya. Ka ciyar da ni kwana uku, ban manta ba. Allah ya albarkaci sana'arka, ya raya maka zuri'a, ya tsare ka da haƙƙin wani.

Duk Juma'a bayan masallaci nake kiran Baba. Biyu sun wuce ban kira ba, domin na san tambayar tana jirana. Mutumin da ya shekara talatin a bakin rami don kada a manta da wani, ina so wannan Juma'ar in iya ce masa: e, Baba, an faɗa.

Wassalam.

Ƙaninka,
Haladu ɗan Iliya,
Pantai Dalam.