Jan Maɗaurin Seu Anacleto

Boituva, 5 ga Agusta, 1996

Daga Kanar Epaminondas Tavares de Albuquerque, Babban Mai Binciken Lemomin Dira na Jihohin Kudu, zuwa ga Dona Soraia Jaber, filin jirgin Aroeira.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ta kuma dace da muƙamina, ina fatan kin isa lafiya, ke da kayanki.

Ba ki san ni ba, ni kuwa na san ki. An shaida mini ku huɗu aka gayyata ku diro da tuta a filin ƙwallon garin ranar bikinsu, Lahadi 25 ga wata, kuma jirginku yana kwance yana jiran wani ƙarfe daga São Paulo. Madalla. Kada kowa ya yi gaggawar gyara shi.

Ni da na diro sau dubu tara, sau ɗaya ma da kofi a hannu ko ɗigo bai zube ba, ina da shawarwari. Kada ki bar jakar lemarki a but ɗin mota cikin rana. In za ki shiga bas, ki rungume ta a cinya, kada a cusa ta ƙarƙashin buhunan rogo. Filin ƙwallo kuma ba filin dira ba ne. Ki taka shi da ƙafarki tukuna, ki ƙirga wayoyin lantarki, ki ga inda iska ke juyawa bayan rumfar 'yan kallo.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ofishina ya samu labari, daga bakin da ba zan faɗa ba, cewa lemarki ta ko-ta-kwana, wadda Seu Anacleto ya naɗe ranar 30 ga Yuli, mai yiwuwa an rufe ta da jan maɗauri a ciki. Kin san shi, wanda ake ɗaure lema da shi a matse ta ta shiga jaka, sannan a zare. In ba a zare ba, ranar da babbar lema ta ƙi ki kika ja ta biyun, za ta fito a ɗaure kamar damin rake, kuma a haka za ta raka ki har ƙasa.

Ina umartarki: kada ki hau jirgi sai an fasa hatimin an duba. Ba na magana ta waya, don binciken na sirri ne. Ki ba ni amsa ta hannun gidan burodin Dona Zulmira.

Allah ya tsare. Ki huta lafiya.
Kanar E. T. de Albuquerque

*

Aroeira, 10 ga Agusta

Ranka ya daɗe Kanar,

Ina gaishe ka da girmamawa, na kuma gode da kulawarka.

Shekarata tara ina dira, ban taɓa jin sunanka ba, amma wataƙila laifin kunnena ne. Filin ƙwallon na taka shi tun ranar da muka iso. Wayoyi uku ne, duk ta gabas.

Game da umarninka, ga halin da nake ciki. A nan babu mai izinin naɗe lemar ko-ta-kwana, mafi kusa yana tafiyar rabin yini, an ce ma ya tafi jinya. In na fasa hatimin nan, na fita daga dirar ke nan, kuma ni ce mai tuta. Garin nan bai taɓa ganin mace ta faɗo daga sama ba, 'yan matan makaranta har waƙa suka haɗa.

Seu Anacleto kuwa shekara talatin da ɗaya yana naɗi. Kowane kayan aikinsa yana da ƙusarsa a jikin allo, an zana siffarsa da fenti, kuma ba ya buga hatimi sai ya ga kowace ƙusa da kayanta. Mutum goma sha bakwai ne suka ja lemar da ya naɗe, dukkansu sun dawo sun kawo masa kwalbar godiya. In kana da hujjar da ta fi wannan allo, ka faɗe ta a fili.

Ina neman afuwa in na yi tsauri.
Soraia Jaber

*

Aroeira, 10 ga Agusta

Nadim, ƙanena, shaƙiyyin gidanmu,

Ina gaisuwa. Ya Mama? Kana kai mata maganin ƙafarta, ko kana can kana sa wa ɗaliban dira kwaɗi a cikin hular kwano?

Wani Kanar ya rubuto mini wai akwai maɗauri a lemata ta ko-ta-kwana. Wallahi da na karanta, kai na fara kawowa a rai. Wane Kanar ne ke karɓar wasiƙa a gidan burodi? Amma da tafireta aka buga, ga hatimi mai mikiya, kai kuma da ba ka wuce makarantar masallaci ba na san ko sunan nan nasa ba za ka iya rubutawa ba sai ka huta sau biyu.

Na ba shi amsa da ƙarfin hali, amma kai zan faɗa wa gaskiya. Tun da na karanta, ban daina kallon jakar lemar nan ba. Ka san babbar lemata ta tsufa. Sau biyu a watan jiya ta buɗe da igiyoyi a murɗe, na biyun har na kai hannu kan mariƙin yanke ta kafin ta warware. Da can ina cewa ba komai, akwai ta Seu Anacleto a bayana. Yanzu fa?

Gilmar, shugaban tawagarmu, ya ce hassada ce, wani ne ke son tutar. Yana tsotsar tererensa, shayin nan mai sanyi, ya ce, "Ke dai kawo Kanar ɗin, in diro da shi ba lema, mu ga sau dubu taran."

Kana wurin ranar da aka naɗe ta. Ka ga wani abu? Kada ka yi mini wasa a wannan.

Yayarka,
Soraia

*

Boituva, 14 ga Agusta

Yaya Soraia, mai tuta, sarauniyar sararin Aroeira da kewaye,

Assalamu alaikum. Mama lafiya, ta ce ki daina cin naman da ba ki san wanda ya yanka ba. Kwaɗin kuma ƙarya aka yi mini, guda ɗaya ne, kuma shi ya shiga da kansa.

Kanar ɗin nan na san shi. Babban mutum ne, dogo, kyakkyawa, ya ɗan yi kama da ni. In ya ce a buɗe, ni dai da buɗewa zan yi.

Yaya, bari in ajiye wasa. Ranar da aka naɗe lemarki, kin tuna an kira Seu Anacleto yana tsakiyar aiki, wani ɗalibi ya sauka a gonar rake ana nemansa? Ya fita ya fi rabin awa. Shi da kansa yake koya mana cewa naɗin da aka katse, a warware shi a faro daga farko. Ran nan bai warware ba. Ya dawo yana haki, ya ɗaga kai ya kalli allo, ya ci gaba.

Jiya na same shi yana ɗinki na ce, "Seu Anacleto, ka taɓa yin kuskure?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "Sau ɗaya. Ranar da na bar ka ka shigo ɗakin nan."

Na ce, "Da gaske nake, tsoho."

Ya nuna allon da almakashi ya ce, "Ni ina mantuwa, ɗan Jaber. Wancan ne ba ya mantuwa. Miƙo mini zaren."

Na miƙa masa. Akwai maganar da na shigo in faɗa masa, na fita da abata.

Kwanan nan in jirgi ya zubo mutane, ba na iya zama a inuwa. Ina tsaye ina ƙirga lemomi, in ɗaya ta yi jinkirin buɗewa sai in hau salati. Mama ta yi kibe, ƙosan naman nan nata, ranar Lahadi, biyu kawai na ci, har ta taɓa goshina.

Ki ari jakar wani. Ko ki ce ƙafarki ta gurɗe. Ko ki ba Gilmar tutar, a sa masa gashin doki, 'yan matan ba za su gane ba daga ƙasa. Don Allah, Yaya. Duk surar da na haddace na karanta miki ita.

Ƙaninki,
Nadim

*

Aroeira, 19 ga Agusta

Nadim,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Mu huɗu ne, jaka huɗu. Ta Gilmar in na saka, ta wuya zan zube. Kuma ban taɓa ƙaryar ciwo ba, ba zan fara don kai ba.

Yau na je kantin magani, inda wayar garin take, na kira Seu Anacleto. Kunya kamar ta kashe ni. Na ce, "Ka yafe mini, amma ka duba mini allonka." Sai na ji ya ajiye kan wayar, na ji takunsa, na ji yana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Ƙusa goma sha huɗu, kaya goma sha huɗu. Ya dawo ya ce, "Jan maɗaurin yana hannuna, 'yata. Guda ɗaya gare ni. In yana nan, ba ya bayanki." Tsohon da ya koya mini ɗaura takalmin dira na sa ya ji kamar ɓarawo. A gaban mai kantin na yi kuka.

Na ce a ba ni kai, aka ce ka ji sunana ka zura bayan rumfar jirgi.

Kai ne ka taɓa aiko mini cewa Mama na asibiti don kawai in zo maka da alewar gwaiba. Kai ne ka sa na yi jawabin godiya kan kyautar da babu ita. Yanzu kana so in jefar da dirar da na shekara ina jira saboda ba ka ci kibe ba? Ba ni dalili ɗaya da zan iya riƙewa a hannu. Kai da Kanar ɗinka babu wanda ya ba ni.

Ƙarfen jirgin ya iso. Ranar Juma'a da yamma, in iska ta kwanta, za mu yi dirar gwaji daga ƙafa dubu tara. Ba zan ɓoye maka ba, har yanzu in na ɗora hannun hagu kan mariƙin lemar ko-ta-kwana sai in tuna maganar Kanar. Amma allo ya cika. Zan hau.

Ka gaida Mama, kada ka faɗa mata komai.
Soraia

*

Aroeira, Juma'a da hantsi

Yaya,

Salamu alaikum. Kafin ki karanta, zazzage ambulan ɗin nan a tafin hannunki. Kin ce in ba ki dalilin da za ki riƙe. Ga shi. Daga cikin lemarki muka ciro shi ɗazu, a kan teburin cin abincin masaukinku, kina can filin ƙwallo ke da Gilmar.

Maɗaurin biyu ne. A watan Yuni na ɓoye na farkon don in ga tsoho yana faɗa da aljanu. Ya neme shi ya gaji, ya yanko wani daga ƙullin guda ya ɗinka, ba ka bambanta su. Ranar da yake naɗe taki, da ya fita neman ɗalibin nan, na ga ƙusar ba kowa, sai na rataye wanda na ɓoye. Nufina ya dawo ya ga ɗaya a allo ɗaya a lema, ya yi salatin Kiristoci in yi dariya. Sai aka kira ni ninke lemomi. Da na dawo har ya buga hatimi. Ya kalli allo, allo ya ce masa ya zare.

Na ce wa kaina ai ya gani. Bayan kin tafi na juya wanda ke allon, na ga harafin nun da na rubuta a bayansa da biro. Ɗayan na neme shi har cikin kwandon shara, babu shi.

Wasiƙarki ta same ni jiya da azahar. Na shiga ɗakin ɗinki na faɗa masa duka. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sauke kayan allon ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka, ya ce, "Bas ɗin ƙarfe nawa?" Awa goma sha biyar muna kujera ɗaya, idonsa na kan taga. Da muka ɗora jakarki a tebur ya ce, "Kai za ka ja." Na ja. Da ya zaro lemar, ga shi nan ja wur, ya shaƙe ta a tsakiya. Tsoho ya zauna a ƙasa. Ni na fita na yi amai.

Yana ciki yanzu yana sake naɗe ta daga farko, ya kulle ƙofa. Ya ce za ki yi gwajinki yau, ki ɗauki tutarki ranar Lahadi. Ya ce kuma ni da ɗakinsa har abada, ban yi musu ba.

Saura abu ɗaya. Babu wani Kanar. Tafiretar ofishin filinmu ce, kwana biyu ina bugawa da yatsa ɗaya. Mikiyar kuma daga dunduniyar silifana na sassaƙa ta. Na san in da sunana na rubuto dariya za ki yi, kuma na ji tsoron faɗin gaskiya fiye da yadda ya kamata in ji tsoron rasa ki. Kwana goma sha takwas, tun daga wasiƙar Kanar, na bar ki da abin nan a bayanki.

Ina bayan tankin ruwa. Ba zan gudu ba. Ki zo da maɗaurin, yana da kauri, zai yi bulala.

Wanda ya rubuta duka, da na Kanar da nasa,
ƙaninki Nadim