Rasuwar Goggo Shiru da Kwaɗon da Aka Garƙama wa Laburare

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Marubuta da Masu Karatu ta samu labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Shugabar Laburaren Jama'a, Hajiyarmu wadda yaro da babba suka sani da Goggo Shiru, bayan gajeriyar rashin lafiya.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta a tsakanin kantocin littattafai, tana liƙe bangon da ya yage, tana tara bokiti inda rufi ke yoyo. Kusan babu marubuci a cikinmu da bai fara littafinsa a teburin nan na kusa da taga ba, a lokacin da gidajenmu babu fitila, babu wurin da mutum zai ji tunaninsa. Babu kuma wanda ya tsira daga bakinta. Har Mai Girma Shugaban Ƙungiya ta taɓa ce wa, "Malam, in surutu ya kawo ka ga ƙofa, in rubutu ne ga kujera."

Na rubuta abin da ke biye na goge, na sake rubutawa, domin ban tabbata ya dace da takardar ta'aziyya ba. Amma tun ranar jana'iza Hukumar da ke kula da laburaren ta garƙame shi da kwaɗo, wai har sai an naɗa magaji. Kujerunsa kuma aka kwashe zuwa zaman makoki, inda manyan baƙi suka zauna a kansu, wasu a karo na farko a rayuwarsu, suna yabon hidimar marigayiya ga ilimi. An tashi daga makoki, kujeru ba su dawo ba. Ɗalibai masu shirin jarrabawa kullum sai su zo su leƙa ta taga su koma.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya bai wa maigidanta, 'ya'yanta da jikokinta haƙurin wannan babban rashi.

Muna kuma sanar da Masu Girma Shugabannin Hukuma, cikin ladabi, cewa ranar Litinin da safe za mu hallara a bakin ƙofar da littattafanmu. In an buɗe, mu shiga. In ba a buɗe ba, a kan matakala za a same mu muna karatu, babu surutu.

Sa hannu:
Malam Dogo
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiyar Marubuta da Masu Karatu