Talatin da Ɗayan Madam Rifkatu

Laraba da dare, Maitumbi

Yau na ga bayan sharar nan, har a cikin keke ina ta murmushi ni kaɗai. Sati uku ke nan sikirif ɗin da na rubuta, wato 'yar manhaja, yana duba kwamfutocin ofis kowace safiya. A allo yana nuna kore ga mai lafiya, ja ga mai matsala, amma da an adana a fayil sai launin ya rikiɗe ya zama shara a bakin kowane layi: ja ya zama [31m, kore ya zama [32m. Madam Rifkatu, shugabar sashenmu, ta ce bairos ne, cutar kwamfuta, ranar Juma'a za a goge kwamfutata kakaf.

Layi ɗaya na sed, umarnin gyara rubutu a fayil, ya share lambobin tas. Na buga rahoton a takarda na kai mata da kaina, har da taƙama.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam Sani, ina talatin da ɗayan? Ai da shi nake gane wadda ta lalace."

Ashe tana kushe shi tana aiki da shi. Na koma na sa sikirif ɗin ya riƙa rubuta LAFIYA ko MATSALA ɓaro-ɓaro. Ta karanta, ta ce a bar min kwamfutata.

Ni na rubuta abin, amma ita ta riga ni karanta shi.