Sunan Da Zai Hau Littafin

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki, ya idon?

Binciken da na yi a jami'a ya zama littafi. Ofishin rajistar haƙƙin mallaka sun ce in kawo sunan da za su rubuta, don kada wani ya buga ya ce nasa ne. Baba, ka gafarce ni, littafin a kan yadda marubutan ƙagaggun labarai ke nuna sha'awar maza ne. Goggo ta ce in na sa sunanka bayan nawa, ba ta ƙara taka gidana. Shi ya sa nake tunanin sa sunan aro. Ga kwafi nan, kai nake jira.

'Yarka.

Uwata,

Saƙonki ya iso. Ido sai godiya. Na ba kawunki ya karanta mini, da ya zo wani wuri sai tari ya sarƙe shi, ya ce bari ya sha ruwa. Har yau bai dawo ba. Da gilashi na lallaɓa na ƙarasa.

Kin tuna shagonmu na hayar littattafai? Kina ƙarƙashin kanta kina liƙa bangon da ya yage, gam har a gashinki. Fankar nan mai ƙara, da bencin da masu haya suka suɗe da zama. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, takan kawo mini abinci ta zauna ta buɗe littafi, can ta rufe ta ce, "Mazan nan na takarda ba sa tsoro, ba sa gajiya, ba sa kuka. Ina ake samunsu?" In ce mata ga ɗaya a gabanki. Ta yi ta dariya har da hawaye.

Tambayarta na ga kin amsa. Akwai wuraren da na ji nauyi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ƙarya ban gani ba.

Shago ya tafi, allon da ke ɗauke da sunana ma an sauke. Ki sa sunan a littafinki. Goggonki ki bar ni da ita, tun muna yara nake shan faɗanta.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

Baba,

An yi rajista jiya, da cikakken suna. Ma'aikacin ya tambaye ni ko kai ne mai shagon littattafai na bayan tasha. Na ce kai ne. Ya ajiye biro ya ce a wurinka ya koyi karatu.

Ina tafe ranar Asabar. Ka gaishe mini da Kawu, in ya gama shan ruwan.

'Yarka.